Mece ce "rebozo"?

Duk wanda ke bibiyar ayyukan masu fasahar Meziko, musamman matan da ke saƙa ko gini da yumɓu, zai yi ta cin karo da kalmar rebozo. Mayafi ne dogo, mai geza a bakinsa biyu. Sunan ya fito daga Sifaniyanci, daga wata kalma da ke nufin lulluɓe fuska. Sai dai in ka ce mayafi kawai, ka rage masa daraja, domin da shi ake goyo kamar majanyi, a ɗauko kaya daga kasuwa, a rufe kai a shiga coci. A da har gawar mace ake naɗewa da shi.

Ungozomomin gargajiya na can sun mai da shi kayan aiki. Sukan zura shi ƙarƙashin ƙugun mai ciki, su riƙe bakin nan biyu suna jijjigawa a hankali don ta samu sauƙi. Bayan haihuwa kuma mai jego takan yi kwana arba'in tana hutawa, kamar dai a wurinmu, sannan a bi jikinta gaɓa-gaɓa ana ɗaurewa da mayafin tamau, abin da suke kira "rufe ƙugu".

Saƙarsa aikin haƙuri ce. Ba ƙyallen ake rinawa ba, zaren ake ɗaɗɗaurewa tun kafin ya hau masaƙa, a tsoma shi a baba, a kwance, sai wuraren da aka ɗaure su fito fari. Zanen ba ya bayyana sai an jera zaren daidai. Gezar kuma aikin wasu mata ne daban, da yatsu suke ƙulla ta, wani lokaci makonni. Garin Tenancingo ya yi suna da na auduga, Santa María del Río da na siliki, wanda saboda laushi ake zare shi ta cikin zobe a gaban mai saye.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, mayafin kansa ruwa biyu ne, ko ma uku. Masaƙar da ake ɗaurawa a ƙugu ta mutanen asalin ƙasar ce, ta taka-ƙafa Sifaniyawa suka kawo, kuma masana da dama na ganin hannun Asiya a ciki, ta jiragen ruwan da suka yi ta safara tsakanin Manila ta ƙasar Filifin da Acapulco ta Meziko daga 1565 zuwa 1815. Shi ya sa 'ya'yan Meziko da aka haifa a Amurka, masu cewa su "ba na nan ba, ba na can ba", ke yawan kama shi a ayyukansu. Mace ta tashi da Turanci a baki, amma a wannan ƙyalle aka goyi uwarta. Ranar da ta haihu sai ya zama nata. Fitacciyar mai zanen Meziko Frida Kahlo, wadda mahaifinta Bajamushe ne, ta sha yafa shi a hotunanta.

A wajen masu yumɓu ma yana nan. A Ocotlán da ke jihar Oaxaca, Josefina Aguilar da 'yan uwanta mata sun shahara da ƙera 'yan mutum-mutumin matan kasuwa, a shafe su da fenti mai haske, wata da kwando a ka, wata da jariri a cikin rebozo.