Tsurar ƙwayar semikondakta

Tsurar ƙwayar semikondakta ɗan yanki ne na silikon, ko silikon kabaid, ko galiyom naitaraid, da ake yankowa daga faifan da aka sarrafa a masana'anta, tun kafin a sa masa baƙar riga da ƙafafun ƙarfe. A fannin sarrafa wutar lantarki mai ƙarfi, irin wannan ƙwaya ce ke kunna wuta da kashe ta sau dubbai a daƙiƙa ɗaya a cikin inbata, caja da motar lantarki. Masu sayen ta tsura suna liƙa ta da kansu a kan farantin tangaran mai rufin tagulla, don zafi ya fita da sauri, na'urar kuma ta ƙanƙance.

Tarihi

Silikon kabaid ya girmi harkar lantarkin zamani. Edward Acheson ya haɗa shi a Amurka wajen 1891, aka daɗe ana amfani da shi wurin wasa ƙarfe. Sai bayan kusan ƙarni guda aka iya fitar da faifansa mai tsabta. Kafin nan silikon ne ke cin kasuwa, musamman bayan fitowar IGBT, wani nau'in ƙwaya mai kunna wuta da kashe ta, a farkon shekarun 1980, aikin da ake yawan dangantawa da B. Jayant Baliga na General Electric, ko da yake akwai saɓani kan wanda ya riga.

An kafa Cree, kamfanin da ke ƙera silikon kabaid, a Durham ta jihar Karolina ta Arewa a 1987. Infineon na Jamus ya fito da dayod ɗin silikon kabaid, wato ƙwayar da ke barin wuta ta bi ta gefe ɗaya kawai, kasuwa a 2001, sannan Rohm na Japan da Cree suka kawo MOSFET na silikon kabaid, wani nau'in ƙwaya mai kunna wuta da kashe ta, tsakanin 2010 da 2011. Shigar ƙwayoyin STMicroelectronics cikin inbatar Tesla Model 3 ita ta buɗe kasuwar motoci. Cree ya canza suna zuwa Wolfspeed a 2021, ya buɗe masana'antar sarrafa faifai mai faɗin milimita 200 a jihar Niyok a 2022.

Saye

Nan ne ƙaramin kamfani ke shan wuya. Manyan masana'antu sun fi son masu saye da yawa, sau da dama mafi ƙarancin oda faifai ne sukutum, takardar bayanan ƙwayar ma wani lokaci sai an sa hannu a yarjejeniyar sirri. Ƙarancin ƙwayoyin da aka yi daga 2020 ya ƙara tura ƙananan masu saye ƙarshen layi. Shi ya sa yawancinsu ke bi ta dillalai irin su Micross, masu sayen faifai su yanka, su duba, su sayar kaɗan-kaɗan. Kamfanin EPC na Kalifoniya kuwa yana sayar da ƙwayoyin galiyom naitaraid marasa riga, da ɗigon dalma a ƙasansu, ta hannun dillalin kayan lantarki Digi-Key.

Babbar matsala ita ce gwaji. A kan faifai ba kasafai ake iya gwada ƙwaya da cikakkiyar wutar da za ta ɗauka a bakin aiki ba, guda ɗaya mai lahani kuma kan lalata duk abin da aka haɗa. Ƙwayar da aka tabbatar da lafiyarta, wadda ake kira KGD, ta fi tsada. Dole mai saye ya tambayi ƙarfen da aka shafa mata: alminiyom a sama don ɗinkin waya, azurfa a baya don liƙi.

Ajiya

Ana ajiye ta a ɗaki marar ƙura, cikin akwatin iskar naitirojin, ba a taɓa ta da hannu.