Masu sa ido kan zaɓe daga ƙasashen waje: me suke gani, me ke kuɓuce musu?

Su wane ne su, kuma wa ke kiransu?

Tawagogi ne da ƙungiyoyi irin su Tarayyar Afirka, ECOWAS, Tarayyar Turai da Cibiyar Carter ta Amurka ke turawa. Ba sa zuwa don ganin damarsu, sai gwamnati ko hukumar zaɓe ta gayyace su ta ba su izini. A 2005 ƙungiyoyi sama da 20 suka amince da ƙa'idojin aikin a hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya. Gundarin ƙa'idar shi ne mai sa ido shaida ne, ba alƙali ba. Yana kallo, yana tambaya, yana rubutawa, amma ba ya taɓa akwati, ba ya ba jami'in zaɓe umarni.

Ranar zaɓe kaɗai suke aiki?

A'a. Kafin masu zuwa na 'yan kwanaki su sauka, akwai waɗanda ke shafe makonni suna duba rajistar masu zaɓe, da yadda gidan rediyon gwamnati ke raba lokaci tsakanin jam'iyyu, da ko an hana 'yan adawa taro. A ganina aikin waɗannan ya fi nauyi, domin mai shirin maguɗi ba ya yinsa a gaban baƙo. Ko dai ya gama shi tun kafin a buɗe rumfa, ko ya jira dare a wurin tattara sakamako.

Sun taɓa yin amfani a zahiri?

Ƙwarai. A Nikaraguwa a 1990, lokacin da shugaban ƙasa Daniel Ortega ya sha kaye a hannun Violeta Chamorro, tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter na cikin waɗanda suka zauna da shi a daren suka ƙarfafa masa gwiwar karɓar sakamako. A Zambiya a 1991 ma an sa ido, Kenneth Kaunda ya miƙa mulki ga Frederick Chiluba bayan shekara 27. Wanda ya faɗi zaɓe yakan fi samun sauƙin haƙura idan akwai shaidar da ɓangarorin biyu suka yarda da ita.

To me ya sa ake yawan kuka da su?

Kenya ce babban misali. A watan Agustan 2017 tawagogin waje, har da ta Cibiyar Carter da tsohon sakataren harkokin wajen Amurka John Kerry ke cikin jagororinta, sun yaba da yadda aka jefa ƙuri'a, suka roƙi masu ƙorafi su tafi kotu. Ranar 1 ga Satumba kotun ƙoli ƙarƙashin babban alƙali David Maraga ta soke zaɓen shugaban ƙasa, saboda yadda aka aika sakamako daga rumfuna ya saɓa doka. Haka aka yi a Malawi: zaɓen 2019 da aka goge alƙaluma da farin ruwan gyaran rubutu, kotu ce ta rushe shi a Fabrairun 2020, aka sake, Lazarus Chakwera ya ci.

Matsalar tana da tushe biyu. Bayanin farko na masu sa ido yakan fito kwana biyu da zaɓe, ana tsaka da tattarawa, wanda ya ci kuma sai ya ɗauki kalmar yabo ɗaya ya yi ta yawo da ita. Sannan akwai tsoron tashin hankali. Wanda ya tuna an kashe mutum fiye da 1,000 bayan zaɓen Kenya na 2007 zai tauna magana kafin ya furta. Na fahimci wannan tsoro, amma sassauta gaskiya don a zauna lafiya yana zubar da mutuncin aikin a idon talakan da ya yini a layi.

Shin hakan na ƙarfafa dimokuraɗiyya?

Yana taimakawa idan akwai na gida da zai ɗora. Cikakken rahoto yakan fito bayan watanni ɗauke da shawarwarin gyaran doka, kuma sau da yawa yana ƙarewa a ajiye ba a yi aiki da shi ba matuƙar majalisa, 'yan jarida da ƙungiyoyin farar hula ba su matsa ba. Masu sa ido na cikin gida sun fi baƙi yawa, sun san harshe, ba sa kuma hawa jirgi bayan mako guda. A Filifin a 1986 ƙidayar 'yan sa kai na ƙungiyar sa ido ta cikin gida NAMFREL ce ta tona asirin sakamakon shugaba Ferdinand Marcos. A Ghana a 2008 ƙungiyar masu sa ido na cikin gida CODEO ta tattara sakamako daga rumfunan da ta zaɓa a matsayin samfuri, ƙididdigarta ta nuna zaɓen ya yi kankankan kamar yadda hukuma ta faɗa, John Atta Mills kuma ya karɓi mulki da ratar da ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba.