Kare bayanan da ba a adana ba a manhajojin ƙididdiga

Kare bayanan da ba a adana ba na nufin matakan da mai nazari ke ɗauka don kada aikinsa ya salwanta yayin da yake gudanar da jerin umarni a manhajoji irin su Stata, R, SPSS ko SAS. Tushen matsalar shi ne, Stata da R suna ɗora bayanai ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta. Duk gyaran da aka yi can yake zaune, ba ya sauka a faifai sai an ba da umarnin adanawa.

A Damagaram, inda ɗaliban Jami'ar André Salifou da ma'aikatan ƙididdiga ke sarrafa alƙaluman bincike, ɗaukewar wuta ake fara zargi, musamman lokacin bazara. Amma sau da yawa jerin umarnin ne da kansa ke yin ɓarnar. Fayilolin umarni da yawa na Stata da "clear" suke farawa, na R kuma da "rm(list = ls())", umarnin da ke share bayanan da ke ƙwaƙwalwar wucin gadi. Wanda ya wuni yana gyara amsoshin magidanta da hannu, sannan ya gudanar da irin wannan fayil, kafin ƙiftawar ido komai ya tafi.

Stata, wadda ta fito a 1985, tana da birki nata: idan bayanai sun canja ba a adana ba, takan ƙi buɗe wani fayil, ta nuna kuskure r(4). Sai dai da an liƙa "clear" a jikin "use", wato umarnin buɗe fayil, birkin ya kwance, mutane kuwa sun saba liƙa shi ba tunani. Ana iya duba c(changed) tukuna; idan ya nuna 1, akwai abin da ba a adana ba. "preserve" da "restore" kan ajiye kwafe su maido da shi, amma na ɗan lokaci ne, ba su maganin ɗaukewar wuta. Daga Stata 16 ta 2019 ana iya riƙe rukunonin bayanai da dama a lokaci guda, don haka ba sai an share ɗaya kafin a buɗe wani ba.

A R ana amfani da saveRDS() wajen adana bayanai a faifai. A SAS, abin da ke ma'ajiyar wucin gadi da ake kira WORK yana gogewa da zarar an rufe manhajar.

Hanyar da ta fi inganci ita ce kada a taɓa fayil na asali. Kowane gyara, ko na lamba ɗaya ne, a rubuta shi cikin jerin umarni, a adana sakamakon da sabon suna. "save, replace" a kan fayil na asali ya fi "clear" haɗari, domin shi abin da ke faifan ma yake dannewa.