Mi ake nufi da miƙewar rodi in an ɗora mashi nauyi?

Ɗaliban injiniya na Hassan Usman Poli da na Poli ta Daura kun san tambayar nan: an rataya rodi, an maƙala sifirin a ƙasanshi, an ɗora nauyi, nawa ƙarshen zai sauka? Abin da ake nema shi ne ƙarin tsawon da ƙarfe ke yi ta tsayinshi in an ja shi, ba lanƙwasawa gefe ba.

Wasu wallahi ba su yarda rodi na miƙewa, tunda ido baya gani. To yana miƙewa, shi ma sifirin ne, mai tauri dai. Tun 1678 Robert Hooke na Ingila ya bayyana cewa miƙewa na tafiya daidai da ƙarfin jan, ka ninka nauyi ta ninku.

Lissafin rodin PL/AE ne, wato nauyi sau tsawo, a raba da faɗin bakin rodin (girman filin bakin in an yanke shi) sau taurin ƙarfen, kuma taurin nan na ƙarfen rodi kusan niyuton 200,000 ne a kan kowace murabba'in milimita (niyuton shi ne ma'aunin ƙarfin ja). Ɗauki rodi mai kaurin milimita 12 irin wanda magina ke sa wa a fila, faɗin bakinshi kusan murabba'in milimita 113, tsawonshi mita 2, ka rataya mashi niyuton 10,000, kusan tan ɗaya kenan. Zai ƙaru da milimita 0.88 kacal, bai ma kai milimita guda ba fa. Shi ko sifirin, in taurinshi niyuton 500 ne a milimita, raba 10,000 da 500, ya sauka milimita 20.

Nan ne nake son ku natsu. Tunda a jere suke, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, kowane na ɗauke da nauyin gaba ɗaya, ba rabawa suke ba, saboda haka tara miƙewar za ka yi, 20.88. Amma in kafaɗa da kafaɗa suke to labari ya canza, miƙewarsu ɗaya ce, nauyin ake rabawa, kuma rodin ne zai kwashe kusan duka don taurinshi, in an auna shi kamar na sifirin, ya kai niyuton 11,300 a milimita.

Kuma don Allah ku maida mita zuwa milimita kafin ku taɓa kalkuleta, nan maki ke zubewa a banza.

Lissafin yana aiki ne muddin ƙarfen zai koma yadda yake in an sauke kayan. Ƙarfe mai laushi yana fara sakewa wajen niyuton 250 a murabba'in milimita, namu 88 yake ɗauke da shi, da sauran tazara sosai.