Idan kansar tayirod ta sake ɓullowa a kaluluwar wuya: tambayoyi da amsoshi

Tayirod wata 'yar tsoka ce mai siffar malam-buɗe-littafi a gaban wuya, ita ce ke kumbura a ce mutum ya yi maƙoƙo. Kansar da ta fi kama ta ita ce wadda likitoci ke kira papilari, wajen kashi 80 cikin 100 na masu cutar, kuma galibin bayanan nan a kanta suke. Ga tambayoyin da ke damun wanda aka yi wa tiyata, ya ɗauka an gama, sai kuma aka ce an ga wani abu a wuyansa.

An cire tayirod ɗin gaba ɗaya, ta ina cutar ta dawo?

Sau da yawa ba dawowa ta yi ba, dama can ba ta gama tafiya ba. Kansar papilari tana bin hanyoyin ruwan jiki zuwa kaluluwar wuya tun da wuri, ta bar ƙwayoyi ƙanana waɗanda ido ba ya gani, na'ura ma ba ta kama su. Da yake a hankali take girma, sai ta kwanta shiru shekara da shekaru. Yawanci cikin shekara biyar na farko ake gano ta, amma takan ɓullo bayan shekara goma ko ma ashirin. Shi ya sa ba a yanke zuwa asibiti don kawai jiki ya yi daɗi.

Yaya ake tabbatar da cewa ita ce?

Da farko gwajin jini. Akwai wani sinadari mai suna tayirogulobulin wanda ƙwayoyin tayirod kaɗai ke yi. Wanda aka cire masa tayirod duka, ya kamata adadinsa ya yi ƙasa ƙwarai. In aka ga yana hawa daga gwaji zuwa gwaji, to akwai inda ƙwayoyin suka maƙale. Wasu mutane garkuwar jikinsu tana ɓata wannan gwaji, don haka ake auna ta tare da shi.

Sai sikanin wuya, da irin na'urar da ake duba juna biyu. Lafiyayyar kaluluwa doguwa ce kamar ƙwayar wake. Wadda ta kamu takan zama kewayayya, ko a ga ruwa ko ɗigo-ɗigon fari a cikinta. Daga nan a soka siririyar allura a zuƙo kaɗan a duba. Kada a manta, mura da ciwon haƙori ma suna tayar da kaluluwa, ba kowane kumburi ne kansa ba.

Da an tabbatar, sai tiyata nan take?

A'a, kuma a nan mutane suka fi shan mamaki. Ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin tayirod ta Amurka ta fitar a 2015 sun nuna cewa kaluluwar da faɗinta bai kai milimita 8 ba a tsakiyar wuya, ko milimita 10 a gefensa, ana iya zuba mata ido, a riƙa sikani lokaci-lokaci. Da yawa daga irin waɗannan ƙananan suna zama yadda suke tsawon shekaru.

Na san wannan magana tana da nauyi a zuciya. A ce wa mutum akwai kansa a wuyansa amma a bar ta, dole hankalinsa ya tashi. Sai dai tiyata ta biyu ba ɗaya take da ta farko ba, kuma yanka wuya saboda abin da bai kai ƙwayar wake ba yana iya barin illar da ta fi cutar damun mutum. Abin da ke sa a yanke shawarar aiki shi ne kaluluwar ta yi girma, ko tana ƙaruwa, ko tana dab da jijiyar murya, maƙogwaro ko babbar jijiyar jini, ko kuma asalin kansar irin mai zafi ce.

Me ya sa ba za a cire wadda ta kamu kaɗai ba?

Saboda inda aka ga ɗaya, da wuya a rasa wasu ƙanana a kusa da ita. Likitoci sun kasa wuya shiyya-shiyya: ta shida ita ce tsakiya, ta biyu zuwa ta biyar kuma gefe. In ba a taɓa buɗe shiyyar ba, ana kwashe kaluluwarta da kitsen da ke tare da su gaba ɗaya. Tsintar ɗaya-ɗaya ita ke mayar da mutum ɗakin tiyata karo na uku. Inda aka riga aka yi aiki a da, tabo ya cika wurin, a nan ne akan taƙaita ga abin da aka gani.

Wace illa tiyatar ke iya jawowa?

A tsakiyar wuya akwai jijiyar murya, wadda in ta taɓu murya ta dishe, wani lokaci ta dawo, wani lokaci a'a. Akwai kuma wasu ƙananan tsokoki huɗu, paratayirod, masu kula da kalsiyam na jini; in sun jigata sai leɓe da yatsu su riƙa yin tsami, a koma shan kalsiyam. A gefe kuwa akwai jijiyar da ke ɗaga kafaɗa, sannan a hagu akwai wani bututu da ke iya yoyon ruwa mai kama da madara. Tabon aikin farko yana ɓoye waɗannan abubuwa. Don haka a ganina babu kunya ko rashin ladabi mutum ya tambayi likita sau nawa yake irin wannan aiki a shekara, ya kuma nemi a duba igiyoyin muryarsa kafin a shiga.

Aidin mai tiriri ba zai wadatar ba?

Wannan magani ne da ake sha, wato sinadarin aidin mai fitar da tiririn radiyeshan. Tun shekarun 1940 ake amfani da shi, domin ƙwayoyin tayirod suna zuƙar aidin, shi kuma ya ƙone su daga ciki. Yana aiki sosai a kan ƙananan ragowa, amma ba kasafai yake cinye kaluluwar da ta yi girma ba, don haka ya fi amfani bayan tiyata. Wata kansar ma takan daina zuƙarsa, nau'in medulari kuwa ba ta zuƙarsa ko kaɗan. Kafin a sha, ana rage abinci mai aidin na mako ɗaya zuwa biyu, a dakatar da ƙwayar lebotayiroksin, maganin da ke maye gurbin aikin tayirod ɗin da aka cire, na 'yan makonni ko a yi allurar Thyrogen, mai sa ƙwayoyin cutar su ƙara zuƙar aidin, kwana biyu a jere. Aidin mai tiririn yana iya busar da baki. Mai ciki da mai shayarwa ba sa sha, kuma ana jinkirta ɗaukar ciki wata 6 zuwa 12.

In tiyata ba za ta yiwu ba fa?

Wasu cibiyoyi suna tsira wa kaluluwar sinadarin etanol ta allura, ko su ƙone ta da zafin na'ura, musamman in ɗaya ce ko biyu a wuyan da aka sha yanka. Ana kuma gasa wurin da hasken na'ura daga wajen jiki. Ƙwayoyi irin su sorafenib da lenbatinib, waɗanda Amurka ta amince da su a 2013 da 2015, an tanade su ne don cutar da ke ci gaba kuma ta ƙi jin aidin, saboda suna jawo hawan jini, suna kawo gudawa da kasala.

Bayan an yi aikin, an warke ke nan?

A wurin mafi yawan mutane sikani yana fitowa fes, amma ba kowa ne tayirogulobulin ɗinsa ke ɓacewa ba. Ɗan ragowar da ya tsaya wuri ɗaya ko yake sauka a hankali, bibiya kawai yake buƙata. Kansar papilari da ta tsaya a kaluluwar wuya ba kasafai take kisa ba, musamman ga 'yan ƙasa da shekara 55. Likita zai ɗan ƙara ƙwayar lebotayiroksin don danne sinadarin TSH da ke ciyar da cutar, yana lura da bugun zuciya da ƙarfin ƙashi. Ana shan ta da safe kafin a ci komai, a jira rabin awa zuwa awa ɗaya, a kuma raba ta da kalsiyam ko maganin ƙarin jini da awa huɗu.