Ungozomancin karkara a jihar Maraɗi

Ungozomancin karkara tsari ne na kai ungozomar da ta yi karatu, ko horar da ta gargajiya, kusa da matan ƙauye domin awon ciki da karɓar haihuwa. A jihar Maraɗi buƙatarsa babba ce: binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna macen Nijar tana haihuwar ƴaƴa 7.6 a matsakaici, ta Maraɗi kuwa fiye da 8, alhali haihuwar da ƙwararre ke karɓa a ƙasar ba ta kai kashi 30 cikin ɗari ba.

Cikas na farko daga ɗaki yake farawa. A al'ada mace kan yi naƙuda ita kaɗai, tana danne zafi saboda kunya, musamman a haihuwar fari. Sai jariri ya faɗo ake aikawa a kira tsohuwar ungozoma ta yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta wanke jariri, ta kama wankan jego. Shirye-shirye da dama sun ba waɗannan tsofaffi horo da akwatin reza, zare da sabulu, da zaton za su gano haɗari tun da wuri. Amma wadda ba a kira ba sai bayan komai ya wakana, yaya za ta ga doguwar naƙuda? Ga shi kuma fita zuwa likita sai da izinin miji, wanda a rani sau da yawa yana can ci-rani a Najeriya. Sai uwar miji ta ce a ɗan ƙara jira, a ba da rubutu.

Ita ma ungozomar zamani ba ta cika zama ƙauye ba. A birane irin su Yamai da Damagaram ake horar da su, can kuma iyalinsu suke. Wadda aka tura wani lungu na Dakwaro ko Mayahi takan tarar ita kaɗai ce dare da rana, babu wuta, ruwa sai an sayo, tana karɓar haihuwa da hasken tocila. Ƙananan ɗakunan likitan da aka gina a ƙauyuka zamanin Shugaba Tanja Mamadu sun rage nisa, sai dai galibin masu riƙe da su ba ungozomomi ba ne.

Batun kuɗi ya fi ciwo. A 2005 gwamnati ta mayar da tiyatar haihuwa kyauta, a 2006 ta ƙara awon ciki da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5. Niyya ce mai kyau, amma kuɗin da ya kamata a mayar wa cibiyoyin lafiya suna makara ƙwarai, magani ya ƙare, a koma rubuta wa dangi takarda su sayo.

Zubar jini da jijjiga kuwa sun fi ƙarfin ungozoma ita kaɗai, sai asibitin da ke da jini da ɗakin tiyata. Tsakaninsu akwai rairayi, amalanke, gulbin da ya kawo ruwa da damina, da fargabar ƴan bindiga da dare a yankunan Madarunfa da Gidan Rumji. Yarinyar da aka aurar ƙugunta bai gama girma ba, in ta kwana biyu tana naƙuda ta tsira da rai, sau da yawa yoyon fitsari ne rabonta. Irin waɗannan matan ake yi wa aiki a cibiyar Danja, kusa da birnin Maraɗi, tun 2012.