Waken Zamfara da ƙofar Turai: tambayoyi da amsoshi

Wai da gaske ne an hana waken Nijeriya shiga Turai?

Gaskiya ne. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Nijeriya. Da farko shekara ɗaya aka ce, sai a 2016 aka ƙara shekara uku, a 2019 aka sake ƙarawa. Abin takaicin, babu ƙasar da ta kai Nijeriya noman wake a duniya.

Mene ne laifin waken?

Maganin ƙwari ne, wanda muke kira fiya-fiya. Dokar Turai ba ta yarda ragowar sinadarinsa ta wuce miligiram 0.01 a kilo ɗaya na wake ba. A buhu mai kilo 100, miligiram ɗaya tak ke nan. A wasu kayan da aka gwada daga Nijeriya an samu har miligiram 4.6 a kilo, wato ninki 460.

Duk wanda ya saba shiga rumfunan hatsi a Gusau ko Ƙauran Namoda bayan kaka ya san yadda abin ke faruwa. A zube wake a kan tamfol, a yayyafa masa maganin, a gauraya da shebur, a ɗura a buhu a ɗinke. Da ka sa kai cikin sito warin zai bugi hancinka, ido ya kawo ruwa. Ba mugunta ke sa mai kaya yin haka ba, tsoro yake ƙwari su huda masa jari kafin farashi ya tashi da bazara. Amma guba guba ce.

Manomin Talata Mafara da bai taɓa kai kaya Turai ba, ina ruwansa?

Ruwansa tsundum. Dillali yana tara kaya ne daga hannu da yawa, a haɗe su a tirela ɗaya zuwa Dawanau ko Legas. A can waje ba a tambayar gonar wane ce, sunan ƙasa ake rubutawa. Wake ɗaya ke ɓata gari. In babbar kasuwa ta rufe, mai tsabtataccen kaya ma ya rasa wanda zai biya shi ladan tsabtarsa.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne wannan: waken da Bature ya ƙi karɓa, shi ake yi wa 'ya'yanmu ƙosai da alale da shi.

Ba dabarar danne ƙasashe matalauta ba ce?

Akwai dokokin ciniki da ke da wannan ƙamshin, musamman tallafin da ƙasashe masu arziki ke ba manomansu. Wannan dai ba ta ciki. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya da ta fara aiki a 1995 ta ba kowace ƙasa damar tsare abincin da zai cutar da mutanenta, muddin tana da hujjar kimiyya. Nijeriya na cikin ƙungiyar, kuma hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna da kanta ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin a kasuwanni a 2019.

To da me za a adana waken?

A busar da shi sarai, a zuba a buhun PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro. Leda biyu ne masu kauri a cikin buhu, kowace a matse iskarta a ɗaure bakinta daban. Iska na ƙarewa, ƙwaron ya mutu, ba ɗigon magani. Jarka ko duro mai marfi mai kyau ma na yin aikin in an cika shi taf. Sai dai a kiyaye ɓera, don huda ɗaya ta isa ta lalata komai.

Wa ke ba da takardar fitar da kaya?

Hukumar NAQS ta gwamnatin tarayya, mai sa ido kan kayan noma masu shiga da fita ƙasa, ita ke duba amfanin gona ta ba da takardar shaidar lafiyarsa. Matsalar ita ce gwajin yana zuwa a ƙarshen hanya, bayan kaya sun gauraye. Kamata ya yi gwamnatin jiha da ƙungiyoyin manoma su kawo gwajin bakin kasuwa, a ware mai magani da marar magani, kowane da farashinsa.